Nasaran da Ba Turawa Ba

 

Wanda ya tsaya a bakin titin Zariya da hantsi, daga ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano har zuwa gadar Dangi, in ya lura da kyau zai ga nahiyar Asiya tana wucewa ta gabansa. A-daidaita-sahun da ya ɗauko mai jego ƙirar Indiya ne. Maganin da ɗan jinya ya fito da shi daga kemis, juya bayan kwalin, sau da yawa sunan Indiya za ka gani. Ka gangara kasuwar waya ta Farm Centre, wadda ake gyarawa da wadda ake tayawa duk daga Sin aka yo odarsu. Da daddare kuma a ɗakunanmu fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ne ke tashi. Kayansu mun sani, waƙoƙinsu mun sani. Amma idan mutanen nan suka rufe shago suka koma gida suka ɗaga hannu sama, wa suke kira, kuma da wane harshe? Wannan ba mu cika tambaya ba.

Yau a kan Kiristocin cikinsu zan yi magana. Ni Musulmi ne, kuma ban zo in yi wa kowa wa'azin sauya addini ba. Akwai wani kuskure ne da na daɗe ina ji a bakinmu, wanda ni ma na taɓa yi, kuma ina ganin yana cutar da zamanmu da maƙwabta.

A shekarun da gwamnatocin Arewa ke ɗauko malaman lissafi da kimiyya daga Indiya da Pakistan da Filifin, ina ɗan sakandare, muna da wani malamin lissafi Ba'indiye, siriri, wanda ya fi wasunmu duhun fata. Yana zaune a wani gidan haya a nan Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin unguwar ba ta cika haka ba, akwai sauran gonaki a bayan gidaje. Dukanmu mun yanke cewa Hindu ne, tunda abin da muka sani game da Indiya ke nan daga silima. Wata rana ya sa ni da wani abokina muka kai masa littattafan aji gida. Muna shiga falo sai na ga fitilar tagulla mai tsawo, irin mai lagwani da mai, a samanta kuma gicciye. Na ce, “Malam, ashe kai Kirista ne? Turawan mishan ne suka shigar da ku?” Ya ajiye littattafan ya dube ni. Ya ce kakanninsa suna wannan addini tun kafin Ingilishi su karɓe shi. Sannan ya faɗi kalmar da har yau take kunnena. Ya ce, “A garinmu, Nasrani ake kiranmu.”

Nasrani. Ku saurari kalmar da kyau. Ita ce tilon Nasara, sunan da Alƙur'ani mai girma ya kira mabiya Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Mu a ƙasar Hausa, da yake Kiristan da ya zo mana da ƙarfi shi ne wanda ya ci Kano da bindiga a 1903, sai kalmar ta koma sunan farar fata. Muka ce zuwan Nasara, mulkin Nasara, karatun Nasara. Addini da launin fata da mulkin mallaka suka dunƙule mana wuri guda, har ta kai idan Bahaushe ya ga Kirista, ko da ɗan ƙauyensu ne, sai ya riƙa ganin inuwar Bature a bayansa. To ga wani baƙin mutum daga gaɓar tekun Indiya yana cewa sunan nan nasa ne tun kafin Bature ya san da shi.

Daga baya na bi diddigin maganarsa, na tarar gaskiya ya faɗa. Ƙasarsu Kerala ce, a kudu maso yammacin Indiya, ƙasar kwakwa da masoro da citta. Abin da suka gada daga iyaye shi ne Toma, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa goma sha biyu, ya sauka a gaɓarsu a shekara ta 52 miladiyya, kusa da garin da ake kira Kodungallur yanzu. Masana tarihi suna muhawara a kan zuwan Toma da kansa, amma sun yarda cewa zuwa ƙarni na shida akwai ikilisiya tsayayya a wurin, mai alaƙa da Farisa da Iraƙi, kuma daga can ake aiko musu da bishop-bishop. A wannan garin na Kodungallur ne kuma masallacin Cheraman yake, wanda Musulmin Kerala ke ɗauka a matsayin masallaci mafi daɗewa a Indiya. Jiragen ruwan fatake da suka kawo Kiristanci su suka kawo Musulunci.

Akwai wasu faya-fayan tagulla da aka rubuta a garin Kollam a shekarar 849. Wani sarkin yankin ne ya ba wata majami'a fili da wasu haƙƙoƙi, aka sassaƙa yarjejeniyar a kan tagulla don kada ta ɓace. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne shaidun. A cikinsu akwai waɗanda suka sa hannu da rubutun Farisa, akwai waɗanda suka sa da baƙaƙen Yahudanci, akwai kuma Musulmi da suka rubuta sunayensu da Larabci, da rubutun Kufi. Fatake Musulmi sun tsaya shaida a kan kyautar da aka yi wa coci, shekara fiye da dubu da ɗari da suka wuce. A ƙidayar 2011, Kiristoci kashi 18 ne cikin ɗari na mutanen Kerala, Musulmi kuma sun ɗan haura kashi 26.

Da Turawa suka iso, ba daɗi Nasaran Kerala suka ji ba. Vasco da Gama ɗan Fotugal ya sauka a Kalikut a 1498, daga baya 'yan ƙasarsa suka tarar da Kiristoci waɗanda ba su san Latin ba, ba su kuma ƙarƙashin Fafaroma. Cikin shekara ɗari malaman cocin Fotugal suka matsa musu lamba su bar al'adunsu. A taron Diyamfa na 1599 aka tilasta musu bin tsarin Rum, aka ƙona wasu littattafansu aka gyara wasu. A 1653 haƙuri ya ƙare. Suka taru a Mattancheri, jama'a ta yi yawa har hannu ba ya kai wa ga gicciyen da ke wurin, sai aka ɗaura masa igiyoyi kowa ya kama, suka yi rantsuwa ba za su ƙara bin limaman Fotugal ba. A 1665 wani bishop ya zo musu daga Ƙudus don ya ƙarfafa su. Ko kun san sunansa? Gregoriyos Abdul Jalil. Bishop ne, sunansa Abdul Jalil.

Yanzu sun rabu gida-gida, akwai masu bin Fafaroma, akwai Otodoks, akwai cocin Mar Toma. Amma wanda ya leƙa ibadar tsofaffin cikinsu, musamman Otodoks, zai ga abubuwan da idon Bahaushe ya saba da su. Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa. Maza gefe guda, mata gefe guda, matan kuma da lulluɓi. Suna fuskantar gabas. Suna sa goshi a ƙasa. Littafin addu'arsu ya raba yini da dare zuwa lokuta bakwai. Suna da azumin kwana hamsin kafin Ista, inda suke barin nama da kifi da madara, suna kuma da wani azumi na kwana uku don tunawa da tuban mutanen Ninawa, mutanen Annabi Yunusa. Babbar ibadarsu ta Lahadi sunanta Ƙurbana, kuma duk almajirin da ya yi karatun Larabci zai ji ƙurbani a ciki, abin da ake kusantar Allah da shi. Harshen ibadar na asali Suryananci ne, reshen Aramiyanci, yaren da Annabi Isa ya yi magana da shi, ɗan'uwan Larabci na jini. A cikinsa sunan Ubangiji Alaha ne.

Mu dawo gida. Tun kafin malaman Indiya, Kano ta san wasu Nasaran Asiya, sai dai ba mu lissafa su a haka ba. Kwara nake nufi, 'yan Labanan da Sham. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, suka shigo suka zauna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake yanzu, shago a ƙasa gida a sama ko a baya. Har gobe muna da titin Beirut. Da yawa daga cikin 'yan Labanan na Nijeriya asalinsu garuruwa biyu ne, Juwayya a kudu, garin Musulmi, da Miziyara a arewa, garin Kiristoci Maruniyawa. Kakanninmu da suka yi dako da dillanci a kantunansu sun ji Bakware yana cewa wallahi, yana cewa insha Allahu da alhamdu lillahi, suka ɗauka duk Musulmi ne. Alhali wani a cikinsu sunansa Jurji ko Butrus, kuma ranar Lahadi coci za shi. Ba kwaikwayon Musulmi yake yi ba. Ba shi da wani suna da yake kiran Mahalicci da shi a harshen uwarsa in ba Allah ba.

Maruniyawa sun samo sunansu daga wani mai zuhudu, Marun, wanda ya rayu a tsaunukan Sham ya rasu wajen shekara ta 410. Suna tare da Fafaroma, amma da shugabansu na kansu mai zama a Bkerke, kuma ibadarsu da Larabci da Suryananci ake yi. Yawansu a Afirka ta Yamma ya kai har a 2014 Fafaroma Francis ya kafa musu shugabanci na musamman mai hedikwata a Ibadan, a 2018 aka ɗaga shi ya zama cikakken dayosis a ƙarƙashin Bishop Simon Faddul. Ke nan a ƙasar nan tamu akwai bishop da ke karanta Linjila da Larabci.

Waɗannan mutane sun fi kowane Bature sanin zama da Musulmi, domin shekara dubu da ɗari huɗu ke nan suna yi. Malamanmu na sira suna karantar da mu labarin tawagar Nasaran Najran da suka zo Madina wajen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka yi muhawara ba a daidaita a kan aƙida ba, aka rabu da yarjejeniyar aminci. A Bagadaza, wajen shekarar 781, Halifa Mahdi, mahaifin Haruna Rashid, ya zauna kwana biyu da Timoti na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas, suna tattauna Annabi Isa da Annabi Muhammadu da tauhidi. Kowa ya faɗi abin da ya yi imani da shi ba ɓoye-ɓoye, kuma Timoti ya koma gidansa lafiya ya rubuta yadda aka yi. A wannan birnin ne Hunainu ɗan Ishaƙu, Kirista, wanda ya rasu a 873, ya juya littattafan likitancin Girka zuwa Larabci, waɗanda manyan likitocin Musulunci suka gina a kansu. Kuma a shekarar nan ta 781, can a ƙasar Sin, mabiya wannan Coci na Gabas suka kafa wani dogon allon dutse da rubutun Sinanci da Suryananci, yana ba da labarin yadda wani malaminsu mai suna Alofen ya isa babban birnin daular Tang a 635. Dutsen yana nan a birnin Shi'an. Ku lissafa da kanku, shekara nawa ke nan kafin jirgin Bature na farko ya ga gaɓar Sin.

Kada wani ya ji wannan ya ce ina cewa duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kiristan Kerala da na Labanan sun yi imani an gicciye Almasihu ya mutu ya tashi, sun yi imani da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ni ban yi imani da haka ba, Alƙur'ani ya koya mini wani abu dabam, kuma a kansa nake fatan in cika. Su ma ba za su so in shafe bambancin don in faranta musu ba. Cire takalmi da sa goshi a ƙasa ba su mayar da aƙida biyu ɗaya. Abin da nake cewa shi ne saɓanin da ke tsakaninmu da su saɓani ne na mutanen da suka fito daga yanki ɗaya, masu harsuna 'yan uwan juna, waɗanda suka daɗe suna jayayya suna kuma cin kasuwa ɗaya. Wanda ya fahimci haka ba zai ƙara kallon maƙwabcinsa Kirista a matsayin ɗan aiken wata ƙasa ba.

Kalmar Allah ɗin nan ta taɓa kai wata ƙasar Asiya gaban alƙali. A Maleshiya gwamnati ta hana jaridar Katolika mai suna Herald amfani da ita a shafukanta na harshen Malay. A ƙarshen 2009 babbar kotu ta ba jaridar gaskiya, aka kai wa wasu majami'u hari da wuta a farkon 2010, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. A wata shari'ar dabam, ta wata Kirista 'yar Sarawak da aka ƙwace wa faya-fayan addini a filin jirgi, kotu ta yanke a 2021 cewa hanin bai halatta ba, a 2023 kuma gwamnati ta janye ƙarar da ta ɗaukaka. Shekara goma sha biyar ana abu ɗaya. Mu a nan, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa Turawa da Hausawa suka yi, kuma Allah aka rubuta a ciki tun daga ayar farko. Masihiyawa, wato Kiristoci Hausawa, na Kano da Katsina da Zariya, suna cewa Allah ya kiyaye, Allah ya ba da lafiya, in Allah ya yarda, kamar kowa. Duk rigingimun da muka sha a garin nan, ba mu mayar da wannan kalma abin faɗa ba. Ina ganin a nan iyayenmu sun yi daidai, kuma ina roƙon kada wani ya shigo mana da wannan rigima daga waje.

Sai maganar bishara, wato yaɗa addini, wadda ita ce ta fi zafi. A nan Nasaran Asiya ba hali ɗaya gare su ba. Na Kerala da na Labanan, saboda daɗewa a tsakiyar masu wasu addinai, sun fi karkata ga riƙe nasu da gina makaranta da asibiti. Malamin nan namu shekara da shekaru yana koyar da mu bai taɓa ce wa ɗayanmu zo coci ba. Koriya ta Kudu kuwa wani labari ne.

Yadda addinin ya shiga Koriya ma abin lura ne. Malaman ƙasar ne suka karanta littattafan da aka kawo daga Sin, ɗayansu Yi Sung-hun ya je Beijin aka yi masa baftisma a 1784, ya dawo ya fara tara jama'a tun babu limami ko ɗaya daga waje. 'Yan mishan na Furotesta sun zo a 1885. A 1907 aka yi wata babbar farkawa a Pyongyang, birnin da yau yake hedikwatar Koriya ta Arewa, mutane suna kuka suna furta laifuffukansu a bainar jama'a. Daga wannan zamani suka gaji abubuwa biyu da aka san su da su. Ɗaya addu'ar murya, inda duk majami'a ke ɗaga murya lokaci guda kowa da roƙonsa. Ɗaya kuma addu'ar asuba, kullum, wajen ƙarfe biyar, kusan daidai lokacin da ladaninmu ke kiran assalatu. Ma'aikaci zai je coci cikin sanyin hunturu kafin ya wuce wurin aiki. Duk wanda ya san nauyin barin bargo da asuba don Allah zai girmama wannan, ko da bai yarda da aƙidar ba. Cocin Yoido da David Yonggi Cho ya fara a cikin tanti a 1958 ya zama ɗaya daga cikin mafiya yawan jama'a a duniya, kuma tsarinsa na raba mabiya ƙungiya-ƙungiya suna haɗuwa a gidaje ya yaɗu har cikin majami'un Nijeriya.

Yau Koriya ta Kudu tana da 'yan mishan sama da 20,000 a ƙasashen waje, har da Afirka. Zafin bisharar nan ya taɓa jawo musu baƙin ciki. A watan Yuli na 2007 'yan Taliban suka kama mutum 23 'yan wani coci na Koriya a Afganistan, suka kashe biyu, cikinsu har da faston da ya jagorance su, aka saki sauran bayan makonni. Kisan zalunci ne, babu wani uzuri a kansa. Amma a cikin Koriya kanta, har a tsakanin Kiristoci, an yi doguwar muhawara a kan ko daidai ne a tura matasa ƙasar da ba su san yarenta ba, ba su san halin da take ciki ba.

Mu a Kano ba sai an ba mu labarin irin wannan ba. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna watan Oktoba na 1991, lokacin da shirin taron wa'azin Reinhard Bonnke, Bajamushe, ya rikiɗe ya zama tarzoma. Rayuka masu yawa suka salwanta, Musulmi da Kirista, akasarinsu talakawa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ba na tuna ranakun nan sai zuciyata ta yi nauyi. Babu fosta ko lasifika da ta kai a zubar da jinin mutum saboda ita. Kuma babu mai wa'azin da ya kamata ya shiga gari bai tambayi mutanen garin yadda kalmominsa za su sauka a kunnensu ba.

A kan wannan gaɓa wasu malaman tauhidin Kirista na Asiya sun yi tunani mai zurfi, domin su a kullum tsiraru ne a tsakiyar mabiya Buddha da Hindu da Musulmi. Akwai wani ɗan Japan, Kosuke Koyama, da ya yi aikin mishan a arewacin Tailan a shekarun 1960. Yana tafiya wa'azi ƙauye sai ya riƙa ganin ɓauna suna birgima a cikin taɓon gonakin shinkafa, ya gane cewa manoman da za su saurare shi ba ruwansu da manyan kalmomin da ya haddace daga littattafan Jamus da Amurka. In zai yi magana, sai ya fara daga shinkafa da damina da ciwon da ke damunsu. Littafin da ya fitar a 1974 da sunan ɓaunar ya sa masa. Daga baya ya rubuta cewa Ubangiji yana tafiya da mutum ne da saurin tafiyar ƙafa, ba da saurin mota ba. A wannan shekarar ta 1974 bishop-bishop na Katolika na Asiya suka taru a Taipei suka ce aikinsu a nahiyar zai tsaya a kan zama da abu uku a yi magana: al'adun mutane, addinan mutane, da talakawa. Ni a nawa ganin, Musulmi yana ɗaukar da'awa wajibi, Kirista yana ɗaukar bishara wajibi, kuma ba adalci ba ne ɗaya ya ce wa ɗaya ya bari. Abin da za a iya nema daga kowa shi ne kada a zagi abin da wani ke girmamawa, kada kuma a mayar da yunwar mutum ko ciwonsa tarkon kama shi. Wannan ya hau kanmu kamar yadda ya hau kansu.

'Yan kasuwarmu na Farm Centre da Kwari da ke zirga-zirga Dubai sun ga wani ɓangaren labarin da idonsu. Cocin Maryamu na Dubai, wanda aka buɗe a 1967 a filin da Shaihu Rashid bin Sa'id ya bayar, yana cika maƙil da ma'aikata 'yan Filifin da Kerala, ana ibada da harsuna daban-daban bi da bi. A watan Disamba 'yan Filifin suna da ibadar kwana tara kafin Kirsimeti, wadda a gida da asuba suke yinta, sun kuma tafi da ita duk inda neman abinci ya kai su. Ga mai aikin gida da ta bar 'ya'yanta a wata nahiya, coci shi ne inda za ta ji yarenta, ta ci abincin garinsu, ta sami wanda zai kai mata saƙo gida, ta kuma sami wanda zai tsaya mata in ta shiga matsala. Babbar damuwar irin waɗannan majami'u, a Dubai ne ko a Amurka ko a nan, ita ce 'ya'yan da aka haifa a baƙunta, waɗanda ba su jin harshen da kakanni ke addu'a da shi. A sauya harshen a rasa tsofaffi, ko a riƙe shi a rasa yara?

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Mu ne mutanen zango. A Kumasi da Accra, da garuruwan Sudan inda jikokin mahajjata suka zauna, abin da Hausawa suka fara kafawa masallaci ne da makarantar allo, kuma tambayar da ke damun dattawansu ita ce wannan dai, ko jikoki za su riƙe harshe da addini. A Guwanzu ta ƙasar Sin ɗan kasuwar Tarauni yana neman masallacin da ake dangantawa da kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas don ya yi Juma'a, ɗan kasuwar Sabon Gari kuma ranar Lahadi yana neman babban cocin dutse na birnin. A can dukansu baƙi ne, kuma kowannensu yana fatan mai gari zai bar shi ya yi ibadarsa cikin kwanciyar hankali. Haka marasa lafiyarmu da ake kaiwa Indiya neman magani, da yawa daga cikin nas-nas ɗin da ke kwana a kansu 'yan Kerala ne, kuma da yawansu jikokin Nasrani ne irin malamina.

Shi malamin namu ya tafi a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da darajar naira ta faɗi albashi ya daina isar masu aika kuɗi gida, malaman Indiya suka riƙa komawa ɗaya bayan ɗaya. Mu ɗalibansa muka taya shi ɗaure kaya. Na ga ya tsiyaye man fitilar nan, ya goge ta, ya naɗe ta a cikin wani baƙin zane rinin Ƙofar Mata da ya saya don matarsa. A ɗakin ciki akwai wata 'yar tabarma shimfiɗe a kusurwa, ya ce a nan yake addu'a safe da yamma, ya bar ta bai ɗauka ba. Na tsaya a kanta na duba inda ta fuskanta, gabas ne. Bayan wata biyu wani malamin Arabiyya daga Gaya ya kama gidan, da na je gaishe shi na tarar a wannan kusurwar ya shimfiɗa buzunsa.